Musayar Waƙa Kan Linzami da Hannun Mahayi

A zauren masu dawaki na unguwarmu a cikin birnin Kano, wani matashi da ya sayi doki danda bana ya kawo kukansa cikin waƙa, manyansa kuma suka amsa masa da amsa-amon da ya ɗauko.

Mai Danda:

Sallama gare ku iyayena da yayyena masu turke,
Na zo neman sani ne, ba don gasa ko nuna iyawa.
Dandana lafiyayye ne, ga ƙirji ga ƙarfin ƙafa,
Amma in na ja linzami sai ya ɗaga kai ya ƙi tsayawa.
Da na sauka daga kilisa na ga jini a gefen bakinsa,
Kumfar da ta zubo kan ɗan ƙirji ta yi ja tana bushewa.
Burina in bi hakiminmu ranar Hawan Daushe,
In yi jafi a Ƙofar Kudu, in tsaya cak babu zamewa.
Shin in nemo linzami mai kaifi, ko in ƙara masa ƙaimi,
Ko akwai abin da ya ɓuya mini a sha'anin hawa?

Dattijon Barga:

Amin wa alaikas salamu ɗana, Allah ya yi maka albarka,
Ka kyauta da ka duba bakinsa kafin ka kai shi shan ruwa.
Jinin nan ba taurin kan danda ne ya jawo shi ba,
Hannu ne ya yi nauyi, bakin doki kuwa ba ya jure fizgewa.
Linzaminmu na gargajiya yana da zobe mai kama haɓa,
Da ƙarfe mai taɓa ganɗa duk lokacin da aka yi matsawa.
Idan ya ji zafi, ɗaga kai yake don ya guje wa ƙarfen,
Kai kuma ka ƙara ja, to ina hanyar daidaitawa?
Rataye linzamin nan, ka hau shi da ragama kawai,
Har sai bakin ya warke sarai, babu sauran kumburawa.
Ka kama sirdi da cinya, ka sauke dunduniya a likkafa,
Domin mai rataya jikinsa ga linzami bai fara zaunawa.
In za ka tsaya, ka nutse cikin sirdi, ka yi masa magana,
Ka taɓa da yatsu, da zarar ya amsa ka yi sassautawa.
Wannan sakin shi ne ladansa, da shi yake gane nufinka,
Ƙaimi kuwa ka ajiye shi, bai da gurbi wajen koyarwa.

Mai Akawal:

Baba, na karɓi zancenka, sai dai ina da ɗan ƙari,
Dokin da ya natsu a fili kan firgita ranar Hawan Nassarawa.
Ga ƙarar 'yan bindiga, ga tambari da algaita,
Ga lifidi da sulke, ga jama'a ta ko'ina tana tururuwa.
Ƙanena, ka saba masa da kiɗa daga nesa sannu a hankali,
Ka sa shi cikin sahun tsofaffin dawaki yana takawa.
Hawan Sallah ana danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa,
Wanda ya hau a 1463, ya yi mulki har 1499 a Kanawa.
A 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya,
Bai dace mu shige shi da dokin da bakinsa ke tsiyayewa.

Mai Kili:

Yaya ya faɗi na fage, ni bari in koma barga,
Can ne doki ke sanin mai shi tun kafin a zo ɗaurawa.
Ka share masa jiki da hannunka, ka ɗaga kofato ka duba,
Ka ba shi harawa mai tsabta da dusa da 'yar kanwa.
Kada ka zuba masa gero yana haki bayan gudu,
Ka zagaya da shi ya huce, don ciwon ciki na kashewa.
Ka shafa ƙarƙashin majayi da bayansa ko akwai gyambo,
Kuma ka bar sukuwa kan kwalta, santsinta na kayarwa.

Dattijon Barga:

Duk kun faɗi daidai 'ya'yana, amma ku ji hukuncina,
Bana ya bi sahu da tafiya, jafi ya bar wa masu ƙwarewa.
Tsayar da ingarma cikin gudu a gaban Sarki da taro,
Aiki ne na wanda dokinsa ya san hannunsa da daɗewa.

Mai Danda:

Baba na ji na karɓa, yayyena Allah ya saka da alheri,
Linzami ya hau ƙusa yau, ragama ce za ta yi jagorantawa.
Ina roƙon Baba ya zo ya duba zamana da riƙona,
Ranar Asabar bayan asuba, mu haɗu a filin sukuwa.