Littafin nawa ne ko na 'yan gurup?

Maman Husna, Gusau

Assalamu alaikum. Tambayata ga marubuta ce da masu karatu, musamman waɗanda suka ga jiya suka ga yau a wannan harka.

Tun 2019 nake rubuta labari a waya. Na fara a Wattpad, manhajar karanta labarai, ba ko sisi, daga baya na koma WhatsApp kamar yadda aka saba: feji 10 na farko kyauta, wadda ta ji daɗi ta biya naira 500 ta turo shaidar biya, in sa ta a gurup. Bayan isha'i nake taifin, idan yara sun kwanta, sau da yawa waya na jone da caji. Ƙarfe 9 na safe nake sakin feji, kullum ban da Juma'a.

Littafina na 4 shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Labarin wata mata ce da mijinta ya sake ta bayan shekara 14 da aure, wata 3 da shigowar amarya. Ta koma gidan wanta da 'ya'ya da keken ɗinki. Daga rayuwar gwaggota na ɗauko shi, Allah ya jiƙanta. Ita Gwaggo mijin bai taɓa waiwayarta ba. Bai yi nadama ba, bai talauce ba, amaryar kuma tana nan lafiya ƙalau har gobe. Abin da ya faru shi ne Gwaggo ta yi shekara 20 a kan keke, ta aurar da 'ya'yanta, ta sayi fili, ta rasu a ɗakin da ta gina da guminta. Haka na tsara zan ƙare labarin, don wannan ɗakin shi ne abin da ya sa na fara rubutun.

Daga feji na 30 gurup ya ɗau zafi. Kafin in gama karin kumallo sai in tarar da saƙo ya haura 200. "Anti don Allah ki haukatar da amaryar nan." "In dai bai rarrafo ya ba ta haƙuri ba, ki maido mana kuɗinmu." Waɗannan ban damu da su sosai ba. Wadda ta karya mini gwiwa wata baiwar Allah ce da ta kira ni tana kuka, ta ce halin da take ciki ke nan, zawarci take yi a gidan yayanta, kuma kullum feji na take jira ta ga ranar da Allah zai saka wa matar.

Sai na karkata. Na sa wuta ta cinye shagon mijin, na sa asirin amarya ya tonu, na kawo wani attajiri ya auri matar. Gurup ya cika da addu'a da sitika, mutane suka ƙaru. Ni kuwa har yau ban iya sake karanta feji 15 na ƙarshe ba, domin babu Gwaggo a cikinsu.

Yanzu ina shirin fara sabo. Zuciya ɗaya ta ce in rufe ƙofa in rubuta shi kaf kafin kowa ya gani. Ɗayar ta ce in na saki cikakke a dokumen guda, kafin la'asar ya zagaye gurup-gurup kyauta, komai Allah-ya-isar da na rubuta a samansa, jibi kuma in ji ana karanta shi a YouTube ba da izinina ba. Sakin feji kullum shi ke riƙe masu biya, kuɗin kuma su nake biya wa yara makaranta. To yaya zan yi? Haka marubutan da suke fama da masu karatu, ko wannan sabon abu ne da waya ta kawo?

Baffa Mai Haya, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ya karanta mini saƙonki, shi ke taya ni buga wannan.

Na riƙe shagon hayar littattafai a unguwarmu daga 1993 har 2008. Bakin Bata nake zuwa sari, can kasuwar Sabon Gari, in ɗauro su a bayan keke. In na kawo sai in sa zare da allura in ƙara ɗinke bango, in lulluɓe da leda, don littafi ɗaya sai ya shiga gida 30 kafin ya mutu. Yara ake aikowa daga cikin gidaje da ɗan kuɗin haya a hannu da sunan littafi a takarda.

Matsin masu karatu ba yau aka fara ba. Littattafan lokacin kashi-kashi suke fitowa, na 1, na 2, na 3, kuma dalilin kuɗi ne: marubuci shi ke buga abinsa, sai na 1 ya sayu yake samun na buga na 2. A ƙarshen littafi akwai adireshinsa, mutane su yi ta aika wasiƙu, wasu marubutan har buga wasiƙun suke yi a kashi na gaba. 'Yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ma jerin littattafan 'yan'uwansu suke sawa, ka san abin da ya fito da wanda ke tafe. Mu masu shago mu ne WhatsApp ɗin wancan zamani. Yarinya ta dawo da littafi ta ce, Baffa an ce a faɗa wa mai littafin nan in ya kashe wance ba za mu karanta na 3 ba. Ni kuma in na je sari in faɗa wa dillali, dillali ya faɗa wa marubuci.

Amma ga inda kika fi su shan wuya. Saƙon yarinyar nan sai ya yi mako 2 ko wata kafin ya isa, kuma kafin ya isa ya huce. Marubuci yana da wata 3, wani lokaci shekara, tsakanin kashi da kashi. Zai kwana da maganar, ya tashi da ita, ya auna, ya ɗauki wadda ta yi masa ya watsar da saura. Ke kuwa tsakanin kukan matar nan da taifin ɗinki na dare awa nawa ne? Mutum 200 a tsaye a kanki kina rubutu, wane tela ne zai yanka yadi daidai a haka?

Kuma kada ki ɗauka na da duk gwanaye ne. Da yawa sun bi son kasuwa, abin da ya sayu shi kowa ke kwaikwaya. Malaman jami'a sun yi ta ja-in-ja a jaridu a kansu, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. Mu muna shago muna jin labari. Abin da na lura da shi a shekara 15 shi ne, littafin da aka fi zagin ƙarshensa sau da yawa shi ake sake aikowa a karɓa bayan shekara. Wanda ya ƙare yadda kowa ke so, sau ɗaya ake karanta shi.

Shawarata: ki sayi lokaci. Ki rubuta ki yi nisa kafin ki saki ko feji ɗaya, yadda in suna ihu a kan na 30 ke kina kan na 60.

Rabi 'yar Maraɗi

Anti Maman Husna, ni mai karatu ce, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, kuma ina cikin masu irin wannan roƙon a gurup. Ki yi haƙuri da mu.

Amma ina so ki san abin da wayar nan ta yi mana a nan. Ni da Faransanci na yi lakwal, ba a koya mini karatun Hausa a aji ba. A labaran waya na koya, ina haɗa baƙi ina tuntuɓe har na gane. Da can sai wani ya je Katsina ko Kano ake sallahu ya taho da littafi. A 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, mota ba ta wucewa, amma feji bai fasa zuwa ba ko kwana ɗaya. Wurin mai sola nake kai caji don kawai in karanta. Biya ma akwai wata a nan da muke tura wa dala 100, wato sefa 500, ita ta san yadda take kai wa marubuciya.

Innata ba ta karatun boko ko kaɗan. Da dare nake karanta mata, in na gaji in kunna mata na murya. Ita ma zaman gidan ƙaninta ta yi shekara 9 da mu, babu wanda ya dawo ba ta haƙuri. Da na karanta mata saƙonki ɗazu, shiru ta yi, sannan ta ce: ki tambaye ta ɗaki nawa Gwaggon ta gina, kuma da langa-langa ta rufa ko da azara.

Ba ta taɓa yi mini tambaya irin wannan a kan attajiran cikin labari ba.

Ummu Sadik

'Yar'uwa ni ma marubuciya ce, kuma ban ga laifinki ba. Ba wa'azi aka biya ba, labari aka biya. Matar da ta wuni tana wanki da girki da rigimar gida, naira 500 ɗinta ta ba ki don ta samu inda za ta ga an yi adalci ko da a waya ne. In ta so gaskiyar rayuwa, tana da ita a tsakar gida.

Abin da nake yi ni, gurup 2 nake buɗewa. Ɗaya ni kaɗai ke iya turawa, ɗaya na sharhi, kuma ba na leƙa na sharhin sai ranar Asabar. Tun da WhatsApp ya ɗaga adadin 'yan gurup daga 256 zuwa 1,024 a 2022, wanda ya ce zai karanta duk sharhi kullum ba zai yi rubutu ba. Batun masu fitar da littafi kuwa, ko kullum kike saki akwai mai kwafa tana tarawa. Wannan sai dai haƙuri.

Malam Sani, malamin Hausa a sakandare

Hajiya Maman Husna, Allah ya ƙara basira. Ina tare da Baffa, amma zan ƙara abu biyu da ke damuna a matsayina na mai koyarwa.

Gaggawar nan ba ƙarshen labari kawai take ci ba, har da jimla. Wanda zai saki feji ƙarfe 9 ba shi da lokacin sake dubawa. Shi ya sa ake ganin "xan" a maimakon "zan", a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa har "ƙafa" ta koma "kafa", rabin zance kuma Ingilishi. Ɗalibaina mata da suka fi kowa saurin karatu a aji masu karanta labaran waya ne, wannan gaskiya ce kuma ina jin daɗinta. Amma yadda suka gani haka suke rubuta mini a jarrabawa. Ku ne makarantarsu ta dare ko kun sani ko ba ku sani ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da duk haruffan nan, minti 2 ya isa a saita shi.

Na biyu, ina labaran nan za su kasance nan da shekara 30? Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a Zariya har yau ana karanta su a aji, don takarda ta riƙe su. Na zamanin Baffa ma Graham Furniss, wani malamin jami'a a Landan, da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwa, suka fitar da kundin sunayensu a 2004. Na yau fa? Waya ta faɗa ruwa, an rufe gurup, shi ke nan. Manhajar OkadaBooks da marubutanmu da dama suka sa littattafansu ta rufe a ƙarshen 2023. Sau da yawa kwafin da ke saura shi ne na ɓarawon da ya cire sunan marubuciya.

Don haka ko me kika yanke game da gurup, ki ajiye kwafin asali a wuri 2, ki gyara shi a tsanake. Kuma ki gwada gajeren labari, inda babu mai tsayawa a kanki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ake yin ta don mata, a can sai kin kai ƙarshe kafin kowa ya ga farko. Ban yarda da Ummu Sadik cewa mai karatu adalcin ƙarya kawai take nema ba. Tambayar innar Rabi ta ishe ni hujja.

Maman Husna, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baffa, na karɓi shawararka. Ba zan buɗe gurup ba sai bayan babbar sallah, kuma sai na kai feji 40 a ajiye. Ƙarshen ma zan fara rubuta shi a littafin makaranta da biro, in sa a ƙasan akwati, don in sun taso ni in buɗe in gani. Ummu Sadik, zan raba gurup kamar yadda kika ce. Malam, na saita allon yanzun nan, da shi nake wannan rubutun.

Matar da ta kira ni tana kuka har yanzu ina da lambarta. Ina so in sake rubuta feji 15 ɗin nan yadda abin ya faru, in tura mata ita kaɗai tukuna, in ji me za ta ce.

Rabi, ki gaida Inna da kyau. Ki ce mata ɗaki 2 ne da ɗan zaure, da langa-langa. Na farkon shekara 3 ya yi babu rufi, Gwaggo tana tara kuɗin kwano daga ɗinkin sallah. Ki tambaye ta ko za ta yarda in kira ta, akwai abubuwan da nake so in ji daga bakinta kafin in fara.