Jarka iri ɗaya, kilo daban: sikelin ne ko ni ce?

Maman Ikilima:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimi ku warware min. Ina aika man gyaɗa da zuma daga Kano zuwa Legas, masu ɗaukar kayan kuma da kilo suke caji. Jiya na kai jarka biyu masu lita 25, kowacce cike har wuya. Ta man ta yi kilo 24, ta zumar kilo 36. Na yi ta musu da yaron wurin, don ni a sanina lita ɗaya kilo ɗaya ce. Na biya dai, amma raina bai kwanta ba.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Sikelin lafiyarsa ƙalau. Lita na auna wurin da abu ya cika ne, kilo kuma nauyinsa. A ruwa suke zuwa ɗaya, domin da Faransawa suka tsara kilo a shekarun 1790, daga nauyin lita ɗaya ta ruwa suka ɗauko shi.

Sauran abubuwa kowanne da lambarsa. Litar man gyaɗa kusan kilo 0.92 ce, shi ya sa mai ke tasowa saman ruwa. Litar zuma kuwa kusan 1.4. Ki ninka kowacce sau 25, man zai ba ki 23, zumar 35. Ki ƙara nauyin jarkar, lissafin yaron ya fito daidai.

Mayar da yadi zuwa mita daban ne. Duka tsawo suke aunawa, yadi ɗaya mita 0.9144 ne, atamfa ce ko shadda. Amma daga lita zuwa kilo sai kin san abin da ke cikin jarkar.

Direban Tanka:
Haka ne, Malam. Litar fetur wajen kilo 0.74 ce, ta dizal wajen 0.84, motar ma tana gaya maka bambancin a hawan tudu. Kuma in rana ta dake shi, fetur kumbura yake: lita ta ƙaru, kilo na nan yadda yake.

Maman Ikilima:
Allah ya saka da alheri. Ashe tun tuni kuɗin motar zuma ke cin ribata, ina sa mata ɗaya da na mai. Gobe zan koma in ba yaron nan haƙuri.