Wai har teku ma ana yanka ta kamar filaye?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina mai karatun lauya ne ya zo shago jiya da tulin takardu, wai yana rubutu kan tsarin rabon wurare a teku. Na ce kai da ko a Tiga ba ka taɓa shiga kwalekwale ba! Sai dai abin ya tsaya min. Ta yaya ake shata iyaka a kan ruwa? Na waye ma tekun, Legas ko Abuja? Mu a Kano ina ruwanmu?

Malamin Gwale:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ana shatawa, amma a taswira. Ruwan da masunta ke jefa koma, nan jiragen dakon kaya ke ratsawa, nan kamfanonin mai suka shimfiɗa bututu, ga wayoyin intanet kwance a ƙasa. In ba a ware wa kowa ɓangarensa ba, mai ƙarfi ne zai cinye, kuma masunci ba ya cikin masu ƙarfi.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, Najeriya ta amince da ita a 1986. Mil 12 daga gaɓa ƙasarmu ce sukutum. Daga nan zuwa mil 200 jirgin kowa na iya wucewa, amma kifi da man da ke ciki namu ne. Maganar jiha ko tarayya kuwa, a 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jihohin gaɓa ta tsaya inda ruwa ke janyewa. Jihohin suka tada jijiyar wuya saboda kashi 13 cikin ɗari na kuɗin mai da ake ba jihohin da ake haƙo shi, sai a 2004 aka yi dokar da ta ba su rabo har inda zurfi ya kai mita 200.

A ganina ciwon namu warwatsewa ce. NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, da dokarta, hukumar tashoshin ruwa da tata, sojan ruwa na gefe. Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, amma ma'aikata daban, taswirar da kowa zai bi daban. Tarayyar Turai tun 2014 ta wajabta wa ƙasashenta masu gaɓa su zana tasu.

Hajiya Mai Kifi:
Alhaji, har ka manta 14 ga Maris 2024, cikin azumi? Wayoyi suka katse a teku wajen Kwaddibuwa, ni ina Yankura da kwalayen titus suna zubar da ruwa, mai saye tsaye riƙe da kati, POS ya ce atafau. Kifin nan kansa jirgi ke kawo shi daga waje.

Ɗan Kwari:
Hajiya kin gama da ni. Atamfata ma kafin ta iso tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki sai ta sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Malam, garin Ayetoro na Ondo da ruwa ke cinyewa fa, ya shiga wannan tsari ko nasu daban ne? Yaron zai dawo bayan la'asar, ina so in tare shi da wannan magana.