Flatpak, Snap ko apt: abin da kowa ya gani a kwamfutarsa

Mai gyaran kwamfuta, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Tambayata a kan Flatpak, Snap da apt ce, wato hanyoyi uku na girka manhaja a Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Makon jiya na ɗora wa wani ɗalibi Linux Mint, wani nau'in Linux, a tsohuwar kwamfutarsa, da na je ɗauko masa wata 'yar ƙaramar manhaja daga Flathub, rumbun manhajojin Flatpak, sai na ga ana neman in sauke ɗaruruwan megabait, saboda Flatpak ba ya taɓa kayan da ke cikin tsarin, nasa tushen yake kawowa, wato kayan da manhaja ke dogara da su kafin ta yi aiki. Yaron yana tsaye yana duba ragowar datarsa, na fasa, na koma apt. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Malamar kwamfuta, Barnawa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwamfutoci goma sha biyu nake kula da su, dukkansu Debian, wani nau'in Linux, kuma a guda ɗaya kawai nake saukewa, sannan in kwashi fayilolin .deb, wato manhajojin da apt ya sauke, daga /var/cache/apt/archives in zuba a filashi in bi sauran ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗauke wuta. Ban ga abin da zai raba ni da wannan hanya ba, ko da yake manhajojin suna tsufa, tunda kusan shekara biyu ake yi kafin sabon Debian ya fito.

Mai zane, Kawo: Malama, tsufan nan shi ne ya kore ni. Da GIMP 3.0, manhajar gyaran hoto, ya fito a watan Maris na 2025, ta Flathub na same shi, alhali Debian 12 yana nan a kan 2.10. Malam kuma ya sani cewa tushen nan na Flatpak sau ɗaya ake saukar da shi. Duk manhajar da ta hau irinsa ba ta sake nema, sabuntawa kuma abin da ya canza kaɗai take kawowa. Wahalar ta farko ce.

Ɗalibi, Unguwar Rimi: A Ubuntu, wani nau'in Linux, tun daga 21.10 Firefox a Snap yake zuwa, kuma Snap yana duba sabuntawa sau huɗu a rana da kansa. Ni ban san haka ba sai da wani yayana ya nuna mini `snap refresh --hold`, umarnin da ke dakatar da sabuntawar, yanzu sai na samu wayfai nake sabuntawa.

Mai gyaran kwamfuta, Tudun Wada: Na gode. Ɗalibin zai dawo ranar Asabar, zan fara tambayarsa manhajoji nawa yake bukata kafin in yanke shawara.