Garken zakuna ko me za mu ce?

Malama daga Ringim: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min, gobe Litinin ina da darasin suna tattarau, wato sunan da ake kiran taron abubuwa da shi, da 'yan aji biyar, littafin Turancin ya kawo pride of lions da school of fish da swarm of bees, ni kuma so nake in ba su na Hausa kusa da kowanne. Garken shanu da ayarin raƙuma na riga na rubuta, zakin ne ya tsaya min.

Ɗan Taura: Wa alaikumus salam Malama. Garken zakuna kawai, kifi kuma gungun kifaye, ƙudan zuma ki ce cincirindo.

Baba makiyayi: A'a ɗana. Garke sai abin da ake kiwo, mai sanda na biye da shi, shanu, tumaki, awaki. Wa ya taɓa kora zaki zuwa mashaya?

Malamin Hausa: Ni na daɗe ina cewa fadar zakuna. Zaki sarkin dawa ne, ga matansa ga 'ya'yansa kewaye da shi, in ba fada ba mene ne wannan? Malama ki sa shi, yara za su riƙe.

Ɗan Taura: Malam fada wuri ce ba taro ba, in ka ce fadar zakuna ta wuce sai yaro ya ɗauka gini ne ya tashi yana tafiya.

Malamin Hausa: To ai da haka ake raina mu, Turawa kowace dabba da kalmarta mu komai garke garke, sai a ce harshenmu talaka ne.

Baba makiyayi: Talaka ina? Doki kaɗai akwai akawal akwai kili akwai danda, abin da muke zaune da shi mun sa masa suna tun kaka da kakanni. A fadamar Haɗeja in tsuntsayen jan baki suka sauko wa shinkafa manomi bai taɓa rasa abin da zai kira su ba.

Malama daga Ringim: Baba na gode, amma dare na yi. Wata tambayar, garken shanu ya wuce ne ko sun wuce?

Ɗan Taura: Ya wuce, don garke namiji ne tilo, shi ya sa ma yake ɗaukar -n. Runduna mace ce, rundunar tururuwa ta fito. A baki dai mutane na cewa sun wuce, hankalinsu na kan shanun.

Malama daga Ringim: To zan rubuta gungun zakuna, tunda Baba bai yarda da garke ba.

Malamin Hausa: Gungu ai ko ɓarayi ana ce musu gungu, bai dace da sarkin dawa ba. Ki rubuta, amma ki faɗa wa yaran akwai mai cewa fada.