Don Allah mi za mu ce ma inculturation da Hausa?

Ɗiyar Mabera: Jama'a ku taimaka, jibi Lahadi ni ka koyar da matasa a coci kuma gobe zan kai takardar wurin bugawa. Kalmar nan ta tsaya min a wuya, ita ce aka yi ta maimaitawa a taron bishop-bishop na Afirka a Roma 1994, wato mutum ya karanta Littafi Mai Tsarki da idon al'adarshi.

Malamin Hausa: Al'adantarwa. Kamar zamanantarwa, ginin ya zauna daidai, na daɗe ina amfani da ita.

Baba Katikis: Malam in ka faɗi wagga kalma gaban tsohuwa a ƙauye cewa za ta yi kana son maida bishara al'ada. Abin da malamin tauhidin Kirista Byang Kato na Kwoi ya yi ta gargaɗi kenan har ya rasu 1975, kar a garwaya bangaskiya da bori. Ɗiyata ki ce sa ma bishara rigar gida.

Malamin Hausa: Baba wannan ai jimla ce ba kalma ba, shi ya sa ake raina Hausa, kullum sai mun yi zagaye.

Ɗan Gwiwa: Wa ya raina ta? Ku dai da kunka yi karatu Kano komi sai kun liƙa mai -antarwa. Kuma riga ana tuɓe ta Baba. Ni dashe na gani, kamar dashen albasa a fadama, iri daga wani wuri amma ƙasar nan ta ciyar da shi.

Baba Katikis: To dashe kuma kamar Allah baƙo ne. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa 1932 ba a ƙirƙiro mai sabon suna ba, Allah aka rubuta, sunan da Bamaguje ma ya sani.

Malamin Hausa: Har yanzu ba wanda ya nuna min laifin nahawun tawa.

Ɗiyar Mabera: Baba ai bishara aka dasa ba Allah ba. Na rubuta dashen bishara cikin al'ada a kai, rigar gida zan yi bayani da ita da baki. Malam yi haƙuri.

Malamin Hausa: Ba komi, ki dai sa tawa a ƙasa ko da ƙananan baƙaƙe ne.