Wa ya taɓa buga Miitopia? Ina so in saya wa yara

Baban Walida, Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina zai tafi bautar ƙasa, ya bar min Nintendo Switch Lite ɗinsa da kati ɗaya, na ƙwallo. Tun daga nan gidan ba lafiya: Walida ba ta son ƙwallo, ƙaninta kuwa da an zura masa ɗaya sai kuka. Wani yaro a Farm Centre ya nuna min hoton wani gem a wayarsa, Miitopia, wai kai kake ƙera fuskar kowa a ciki. Kuɗin katin ba na wasa ba ne, shi ya sa nake tambaya kafin in saya. Yana cin data? Ɗan firamare zai iya? Ni ma in na taso daga Kwari a gajiye ina son abin da ba sai na yi tseren yatsu ba.

Ɗan Hotoro

Wa alaikumus salam Alhaji. Na buga shi har ƙarshe, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba. A kan 3DS, tsohon injin Nintendo na hannu, ya fara fitowa a Japan a 2016, na Switch ɗin kuma a 2021. Ba ya son data, sai fa in kana so ka sauko da fuskokin da wasu suka ƙera. Faɗansa bi da bi ne kamar dara, ka taka a taka, ko za ka ajiye shi ka tafi masallaci ka dawo dodon yana nan yana jiranka.

Labarin kansa ba wani abu ba ne: wani mugu, Dark Lord, ya sace fuskokin mutanen gari ya manna wa dodanni, ku kuma ku huɗu ku bi ku ƙwato. Daɗin yana wurin rabon matsayi. Kai za ka zaɓi wa zai zama sarki, wa zai zama gimbiya, wa zai zama mugun. Ni maigidana na kanti na ba wa sarautar, da tumbinsa da gashin bakinsa. Ƙanwata na sa ta mai girki, da kwanon suya take maƙe dodo, in ta ga dama ta ɗura wa abokin tafiya abinci mai yaji har wuta ta fito masa ta baki, shi kuma ya ƙullace ta. Sannan kowa da halinsa, guda bakwai ne ake zaɓa. Na ba yayana halin taurin kai, wallahi ana tsakiyar faɗa jininsa ya kusa ƙarewa aka zo yi masa magani ya ce ba ya so. Abin da ya fi kashe ni da dariya, sai ka ba mutum kuɗi ya je ya sayo sulke, ya dawo maka da ayaba. Duk wanda ya taɓa aiken yaro Sabon Gari ya san wannan.

Sadauki

Ɗan Hotoro ka faɗi zaƙin ka ɓoye ɗacin. Alhaji, mutum ɗaya kawai kake sarrafawa a faɗa, sauran ukun kansu suke yi wa hukunci. Tafiya ma da kansu suke yi, kai dai ka zaɓi hanya in ta rabu biyu. Daji, faɗa, masauki, abinci, gobe ma haka. Sau biyu kuma ana sace maka abokan tafiya a ce ka zaɓi sabuwar sana'a, irin su mai girkin nan, ka faro daga matakin farko. Ni a wani yankin hamada mai dala da ke cikin gem ɗin na fara danne maɓallin sauri ina kallon wani wuri. In don kanka ne, wani gem mai suna Dragon Quest XI S ya fi shi nama nesa ba kusa ba. In don yara ne ba ni da ja. Amma ka sani mutum ɗaya ke bugawa, Lite kuma ba ya haɗuwa da talabijin, ka ga rigimar karɓa-karɓa tana nan.

Maman Khairat, Rijiyar Zaki

Baban Walida, mu ma muna da shi. Turancinsa gajeru ne, 'yata ta aji huɗu tana karantawa, inda ya fi ƙarfinta ta tambaye ni. Rigimar da Malam Sadauki ya ambata, mu raba aiki muka yi: babbar ke faɗa, ƙaramin ke rabon abinci a masauki, don kowa a tawagar da abin da yake so da wanda yake yamutsa fuska a kai. Ƙera fuska kaɗai ya cinye mana yammacin Asabar, saboda na Switch an ƙara masa kwalliya da gashin kanti, har da doki.

Abu ɗaya zan ja kunnenka. Duk biyun da ka haɗa ɗaki ɗaya a masauki shaƙuwarsu ƙaruwa take, ana nuna alamar zuciya, a yi kyauta, na uku ya leƙo ya yi kishi, kuma gem ɗin bai damu da wane ne wane ba. Don haka ka zauna da su ranar rabon fuskoki. Nawa sun so su sa kakarsu ta wajen uba a matsayin mugun, na ce ba da ni ba. Akwai kuma matsafi cikin sana'o'in farko, ga wanda hakan zai dama. Ana iya barinsa a ɗauki jarumi ko mai girki.

Baban Walida, Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, wannan jan kunnen ya zo a kan gaɓa, don na san wa Walida za ta fara sawa. Ba yadda za a yi in gwada kafin in biya?

Ɗan Hotoro

Akwai na gwaji kyauta a eShop, shagon Nintendo da ke cikin injin, Alhaji. Sau ɗaya za ka kunna masa intanet ya sauka, kuma in ka sayi cikakken daga inda kuka tsaya za ku ɗora. In na hannu za ka saya, a sa katin a naka injin ya buɗe a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.